Gayyar da Goggo Talatu ta kira a Maryland

Ranar Laraba mai zuwa Goggo Talatu za ta cika shekara goma sha tara da rasuwa. Na lissafa sau biyu don ban yarda ba, na kuma tambayi matata, ta ce lissafina daidai ne, tsufa ne kawai yake sa shekaru gudu. Ƙanwar mahaifina ce. Ita ta tarye ni a filin jirgi ranar da na fara taka ƙasar Amurka, kuma a falonta na yi wata bakwai ina kwana, a hawa na goma sha ɗaya na wani dogon bene a garin Alexandria, kusa da Washington. Ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti cikin Washington. Gajeruwa ce mai faɗa, mai saurin kuka da saurin dariya. Idan tana ƙaunarka sai ta yi ta yi maka faɗa, idan kuwa ka ga ta yi shiru da kai, to ka binciki kanka.

Abin da ya zaunar da ni rubutu a kanta bana, wani saƙo ne da ya shigo wayata makon jiya daga kwamitin cocinmu. Rufin ya sake fara yoyo, ana neman gudummawa, kuma ga wurin da za ka latsa kuɗi su fita ba sai ka tashi daga kujera ba. Na latsa, ba zan ɓoye ba. Amma na daɗe riƙe da wayar ina jin muryar Goggo a kunnena, tana tambaya ko hannuwan namu ciwo suke yi. Sai kuma na tuna abin da hannuwan namu suka taɓa yi wa wannan coci, na yi ta dariya ni kaɗai har matata ta leƙo daga kicin.

Cocin yana bayan garin Upper Marlboro a jihar Maryland. A tsakiyar shekarun 1980, lokacin da wannan abu ya faru, gonakin taba ne suka kewaye shi, sai wata siririyar hanya da ta bi ta gabansa. Da jan tubali aka gina shi, ya haura shekara ɗari biyu, ga maƙabarta ta gefe da ta baya. Mutanensa ba su da yawa. Akwai tsofaffin Turawa da suka gaji kujerunsu daga kakanni, akwai wasu tsofaffin baƙaƙen Amurka masu zama can baya, sai mu 'yan Arewa, gida tara ko goma, daga Kaduna da Filato. Mijin Goggo, Baba Ishaya, shi ya gano mana wurin. Ya ce tsarin sujadarsu irin wanda ya taso a ciki ne a ƙasar Zariya, mutum ya san inda zai miƙe da inda zai durƙusa ko da Turancin ya wuce shi. Duk Lahadi sai mu cika motoci uku mu tsallaka kogi mu tafi.

Baba Ishaya ya rasu farat ɗaya cikin hunturu, ya faɗi a wurin aiki bai tashi ba. Kai gawa gida a lokacin ba ƙaramin abu ba ne, ga takardu, ga kuɗin da babu mai shi a cikinmu. Rabaran ɗin cocin ya ce akwai wuri a maƙabartarsu, Goggo ta karɓa, muka binne shi kusa da bangon kudu. Sai wasiƙu suka fara zuwa daga dangin miji. Babban wansa ya rubuto cewa ta yar musu da ɗan'uwa a daji cikin baƙi, babu mai share kabarinsa, babu mai ambaton sunansa. A gabana ta karanta wasiƙar a tsaye, ko rigar aiki ba ta cire ba. Ta zauna ta ba shi amsa da hannunta. Ta ce Ishaya yana kwance a harabar gidan Allah, duk Lahadi ana waƙa kusa da kansa, kuma ta ɗauki alkawari haka zai ci gaba da zama. Daga nan wasiƙun suka yi sanyi. Wannan magana tata ce ta kwantar da hankalin gida guda, ita ma ta san haka.

Bayan shekara biyu, wata Lahadi bayan Ista, Rabaran ya karanta mana takarda daga ofishin bishop. Rufi yana yoyo, bango ya tsage ta gabas, injin ɗumama ɗaki ya mutu. Idan ikkilisiya ba ta samo hanyar gyara ba kafin sanyi ya shigo, za a kulle ƙofa a haɗe mu da wani babban coci a cikin gari. Maƙabartar za ta zauna yadda take, a zagaye ta da waya, a riƙa turo mai yanke ciyawa lokaci lokaci. Hanya ɗaya ce ta rage. Akwai wani asusu mai kula da tsofaffin gine-gine da zai iya ɗaukar kaso mai tsoka, idan ikkilisiya ta kawo nata kason, kuma idan mutuminsu ya zo ya ga ginin ya cancanta. Zai zo ranar Alhamis ta sama.

Ni na tuƙa Goggo gida ranar. Muka yi ta tafiya har muka hau gada. Can sai ta ce, ba tare da ta kalle ni ba, "Bulus, in suka rufe wurin nan na zama maƙaryaciya."

Abin da muka fahimta daga takardar shi ne babban baƙo zai zo duba coci. To, a gida me ake yi idan babban baƙo zai zo? A share, a yi nome, a shafe bango da farar ƙasa, a jera duwatsu a bakin hanya. Muka kalli cocin da idon gida, muka ga tubali ya yi baƙi don tsufa, gansakuka ta kama gindin bango, wani tsiro mai yaɗo ya hau har taga, ciyawa kuwa ta zo har bakin ƙofa kamar gidan da masu shi suka yi ƙaura. A idonmu wannan rashin kula ne, kuma wa zai zuba kuɗinsa a wurin mutanen da ko bangon ɗakin sujadarsu ba sa iya shafewa? Goggo har tausayin tsofaffin Turawan take ji. Ta ce tsufa ne ya hana su, 'ya'yansu sun gudu birni sun bar su, mu da muke da ƙarfi sai mu rufa musu asiri.

Sai ta kira gayya. Ta bi gidajenmu ɗaya bayan ɗaya ta waya, ta ce ranar Asabar kowa ya zo da hannunsa, abinci nata ne. Mabuɗi yana wurinta dama, don ita ke wanke mayafan bagade, wato teburin sujada. Ta gaya wa Rabaran za mu zo mu tsabtace wurin. Shi kuwa mutum ne mai coci uku a wuyansa, kullum cikin sauri, ya ce Allah ya yi albarka ya shige mota. A ransa tsintsiya da tsumma ake nufi.

Dole in faɗi nawa laifin, don idan ban faɗa ba akwai waɗanda ke raye da za su faɗa mini. Goggo farar ƙasa ta ce a nemo. Ni kuwa a lokacin ina karatun haɗa magunguna a wata jami'a cikin Washington, ina jan tasi da yamma, ina ganin babu lungun Amurka da ban sani ba. Na ce mata wa ke shafa farar ƙasa a ƙasar nan, ta bari in kawo abin zamani. Na je kanti na sayo fentin waje mai tsada, wanda mai kantin ya rantse mini ruwa da ƙanƙara ba sa iya masa komai. Na haɗo da wani abu kamar kwaɓaɓɓen gari da ake toshe tsaga da shi. Da farar ƙasar Goggo muka shafa, da ruwa da buroshi sun ishe mu fita daga masifar da muka shiga.

Ban taɓa ganin gayya mai daɗi irin ta wannan Asabar ba. Mun fi mutum talatin, har da wani abokina Musulmi ɗan Maraɗi mai aiki a gidan rediyo, wanda ya ce rabonsa da irin wannan tun yana ƙauye. Malam Pam, dattijonmu mutumin Filato, ya sayo fartanyar Turawa mai dogon ƙota, ya kalle ta ya girgiza kai, ya sa zarto ya rage ta yadda mutum zai sunkuya ya yi aiki kamar mai hankali. Ya kankare ciyawar nan tas har jar ƙasa ta fito, mata suka bi da tsintsiya suna waƙoƙin zumunta. Muka tumɓuke tsiron da ya hau bango. Ni na bi bangon kudu ina toshe duk wani rami da na gani don fenti ya kwanta sumul, sauran suka biyo ni da buroshi, shafi biyu. Goggo ta kafa tukunyar fate a bayan mota tana rabawa tana ba da umarni, babu wanda ya tsira daga bakinta.

Kafin la'asar bangon kudu ya yi fari fat daga ƙasa har inda tsani ya kai, da shuɗin layi a gindinsa. Itatuwan harabar ma mun shafa musu fari har ƙugu. Fentin ya ƙare kafin mu zagaya sauran bangon uku, muka yi ta jin haushi, ba mu san Allah ne ya taimake mu ba. Muka jeru muka ɗauki hoto. Hoton yana nan a wurina, kowa ya washe baki.

Washegari muka yi sammako cikin kayanmu na fita kunya, muka tsaya a bakin ƙofa muna jiran godiya. Turawan suka fara isowa. Kowa ya fito daga mota sai ya tsaya cak. Rabaran ya cire tabarau ya goge ya mayar. Babu wanda ya ce komai, mu kuwa muka ɗauka daɗi ne ya hana su magana.

Sai Mis Odesa ta iso. Tsohuwa ce baƙar Amurka, ta kusa tamanin, ta yi aikin koyarwa har ta yi ritaya. Tun da muka san ta ba ta taɓa shiga ta babbar ƙofa ba, kullum ta wata ƙaramar ƙofa ta gefen kudu take bi, mu kuma muna zaton don ta fi kusa da kujerarta ne. Ta tako da sandarta har bakin ƙofar, ta miƙa hannu daidai kafaɗarta ta shafa bangon. Ta shafa sama, ta shafa ƙasa, ta sake komawa. Ta daɗe tana lalube. Daga nan ta juya ta koma motar da ta kawo ta, ba ta shiga sujada ba.

Bayan an tashi Rabaran ya tara mu ya yi mana bayani a hankali, kamar mai gaya wa mutum rasuwa. Tubalin cocin nan, in ji shi, a wurin aka buga shi, kuma bayin masu gonakin taba ne suka buga. Idan aka ɗaga tubali yana ɗanye, yatsun wanda ya ɗaga sukan bar sawu, wuta kuma ta gasa shi a haka. Ƙaramar ƙofar nan ita kaɗai aka yarda bayi su bi. A gefenta akwai tubali mai sawun yatsu uku, kuma a gidan su Mis Odesa an gaji maganar cewa na kakar kakarta ne. Matar ba ta da kabarin da aka sani, ba ta da suna a wata takarda. Duk Lahadi sai Mis Odesa ta sa yatsunta a wurin kafin ta shiga. Waɗannan ramuka uku ni na cike su da hannuna ranar Asabar, ina murna bango ya yi kyau.

Na sha kunya a rayuwata, amma ban sake jin irin ta wannan rana ba. Na so ƙasa ta tsage in shige. Goggo kuwa ta zauna a kan matakala ta ɗora hannu biyu a ka, ɗankwalinta ya zame ba ta ma sani ba.

Ranar Alhamis mutumin asusun ya zo. Ya zagaya ginin yana ta rubutu, da ya iso bangon kudu ya rufe littafinsa. Ya ce abin da suke ba da kuɗi dominsa shi ne tsufan da muka rufe. Ya ƙara da cewa irin wannan tubali numfashi yake yi, fenti zai tsare ruwa a cikinsa, sanyi na zuwa ya farfashe. A yadda bangon yake ba zai iya sa hannu ba. Amma ya ga fuskokinmu, ya ce ba zai rubuta rahoto ba sai ƙarshen kaka. Idan an cire fentin ba tare da an ji wa tubali ciwo ba, ba da inji ba, ba da buroshin ƙarfe ba, zai dawo ya sake dubawa. Kamfanin da ke irin wannan aiki, kuɗinsa ya fi ƙarfin ikkilisiyar gaba ɗaya. Wato mun zo ceton coci mun ƙara tura shi bakin rami.

Goggo ba ta fara da bango ba, da Mis Odesa ta fara. A wurinmu ba a ba da haƙurin babban laifi ta waya, ba a kuma zuwa mutum shi kaɗai hannu sake. Ta ɗauki Malam Pam a matsayin dattijo, ta ɗauke ni a matsayin direba kuma mai laifi, ta sa muka tsaya a wata gona muka sayi jan zakara mai rai. Muka tarar da tsohuwar zaune a barandar gidanta. Goggo ta hau matakala, ta gyara zane, ta zube gwiwa biyu a ƙasa.

Ban taɓa zaton tsohuwar nan tana da irin wannan murya ba. Ta miƙe da sandarta, ta ce da Turanci, "Tashi! A ƙasar nan an gama durƙusa wa mutum. Ki tashi kafin in faɗi garin ɗaga ki."

Goggo ta ce, "Mama, a wurinmu ba a tashi sai an ce an yafe."

"To ban yafe ba tukuna. Amma ki tashi ki zauna a kujera, ki gaya mini abin da ya shiga kanku."

Suka yi ta kallon juna. Malam Pam yana tsaye rungume da zakara bai san inda zai sa kansa ba. A ƙarshe Goggo ce ta sauko, abin da ban saba gani ba. Ta zauna ta ba ta labarin Baba Ishaya, da wasiƙar wansa, da amsar da ta mayar, da yadda ake tarbar baƙo a ƙauyenmu. Mis Odesa ta saurara har ƙarshe. Sai ta ce, "Ke naki yana gindin bangon, ni tawa tana jikinsa. In aka rufe, mu biyu aka rufe wa." Sannan ta nuna zakaran da sanda ta tambaya me ake so ta yi da wannan. Ba ta yanka shi ba. Ya yi shekaru a bayan gidanta yana tashin maƙwabta da asuba, tana cewa ɗan Afirka ne, ba ya jin magana.

Gayya ta biyu ba ta yini ɗaya ba ce. Daga farkon zafi har ganye ya fara zuba, duk Asabar muna jikin bangon nan. Mutumin asusun ya zo da kansa ya koya mana. Akwai wani kwaɓi da ake shafawa kamar ƙullun ƙosai, a rufe da takarda, a bar shi ya jiƙa fentin, a ɓare, sannan a bi da ɗan katako da buroshi mai laushi, tubali ɗaya bayan ɗaya. Abin da muka shafa cikin awa shida muna waƙa, sai da ya ci mana wata biyar. Babu mai waƙa a makonnin farko. Wasu daga cikinmu suka fara zamewa, wannan yana da aiki ranar Asabar, wancan bayansa na ciwo. Goggo ba ta yi musu faɗa ba, shiru ta yi da su, mako na zagayowa sai ga su sun dawo.

Mis Odesa kuwa ta ɗauki waya ta kira danginta na Washington da Baltimore, ta ce su zo su ga abin da 'yan Afirka suka yi wa cocin kakanninsu. Da fushi suka zo. Na tuna wasu ƙarti biyu da suka tsaya hannu a ƙirji suna harararmu. Goggo ta sauko daga tsani, ta miƙa wa kowannensu safar hannu da kwanon fate. Ɗaya ya ɗanɗana ya ce ai wannan tsakin masarar da kakarsa ke dafa musu ne da safe, sai dai an zuba masa ganye da barkono kamar za a kashe mutum. Ya cinye ya nemi ƙari, ya ɗauki buroshi. Mutanen da rabonsu da wurin tun jana'izar iyayensu suka soma zuwa Asabar, daga baya wasu suka soma zuwa Lahadi. Tsofaffin Turawan da ba sa iya hawa tsani suka riƙa kawo ruwan sanyi da kujeru.

Mutumin asusun ne ya gaya wa Rabaran cewa aikin hannu ma ana iya ɗaukarsa a matsayin kason ikkilisiya, muddin kowa zai rubuta sunansa da lokacin da ya yi. Goggo ta ga abin banbaraƙwai. Ta ce tun da take ba ta taɓa jin an rubuta sunan mutum don ya zo gayya ba, sai ka ce ɗan ƙwadago. Amma ta karɓi takardar, kuma babu wanda ya isa ya taɓa faten ta bai sa hannu ba.

Tubalin gefen ƙaramar ƙofa ba ta bar kowa ya taɓa ba, har ni da na roƙa. Da tsinken sakace da buroshin haƙori ta yi aikin, Asabar uku, a zaune kan bokiti. Ranar da ramukan suka fito ta aike ni na ɗauko Mis Odesa. Tsohuwar ta sa yatsunta, ta rufe ido. Sai ta kamo hannun Goggo ta ɗora a wurin. Yatsun Goggo, duk ƙanƙantarta, ba su shiga ba. Mis Odesa ta ce, "Kakar tamu yarinya ce a lokacin." Can kuma ta ce, "Yanzu na yafe." Goggo ta fashe da kuka irin na gida, mai sauti, har Turawan suka rasa inda za su kalla.

Kafin sanyi ya shigo mutumin asusun ya sa hannu, ofishin bishop ya janye maganar rufewa, shekarar da ta biyo aka yi rufi da sauran gyara. Aka sake shuka ciyawar da muka kankare. Malam Pam har ya koma ga Allah yana cewa wata rana maciji zai sari wani a wurin, su gane gaskiyarsa.

Yau idan na je ina yawan tambayar kaina me Goggo za ta ce. Gonakin tabar sun zama gidaje, da yawansu na 'yan Najeriya ne masu gareji biyu. 'Ya'yanmu suna jin Hausa su amsa da Turanci, yawancinsu sun koma manyan coci masu ganguna da allon bango. Da rana akwai sujada da harshen Sifaniyanci, don wasu sababbin baƙi sun zo kamar yadda muka zo. Gyaran rufin bana kamfani za a ba, inshora ba ta yarda tsoho ya hau tsani ba. Na san za ta yi tsaki, ta ce mun zama mutanen da ke aika kuɗi inda ya kamata su aika ƙafa. Amma na san kuma ranar Lahadi za ta tsaya a bakin ƙofa ta tare sababbin baƙin nan, ta nuna musu abin da ba a taɓawa, ta kuma gaya musu dalili. Tun daga waccan shekara ko ƙusa ba ta bugawa a wurin da ta tarar da mutane sai ta tambayi wanda ya riga ta zuwa. Mace mai faɗa irin Goggo ta koyi tambaya tana da shekara hamsin, wannan ya fi ba ni mamaki a kan duk abin da ta yi.

Akwai allon tagulla a cikin cocin mai sunayen waɗanda suka ba da manyan kuɗi a wancan gyara. Sunanta ba ya ciki, kuma abin yana ci mini rai har yau, ko da yake na san da an sa sai ta ce a cire.

Da ta yi ritaya gwiwoyinta suka ƙi sanyin ƙasar nan, ta ce gida za ta koma ta ƙarasa kusa da kabarin mahaifiyarta. Lahadinta ta ƙarshe ta daɗe tsaye a kan Baba Ishaya tana magana ƙasa ƙasa. Da ta gama ta kira ni. Ta ce, "Bulus, wan Ishaya da na yi wa alkawarin ya mutu, amma ni ban ji an ce an sake ni ba. Ga shi nan na bar maka." A ƙauyenmu ta rasu, a can aka binne ta, teku tsakaninta da mijinta. Ba ta bar gida mai bene ba, ba ta bar 'ya'ya ba. Abin da ta bari shi ne ƙofar da har yanzu ake buɗewa duk Lahadi, da wannan magana da ta ɗora mini a ka, wadda nake ɗauke da ita kusan shekara talatin ban ajiye ba.

Ni ma yanzu na haura saba'in. Kamar kowane ɗan Arewa a nan, tun da na zo nake cewa idan tawa ta zo a sa ni a jirgi a kai ni gida. Watan jiya na shiga ofishin cocin na tambaya ko da sauran wuri a maƙabarta, aka ce akwai ɗaya, taku biyu daga Baba Ishaya. Na ce a riƙe mini. Da na gaya wa babbar 'yata sai ta ajiye cokali ta tambaye ni da Turanci, ba kai ne kullum kake cewa gida ba? Na ce mata ni ne. Amma Goggo ta bar mini amanar mutum, na duba ban ga wanda zan miƙa wa ba, sai na ga gara in je in taya shi zama. In kuna zuwa duba ni, kun duba shi.